Ƙarfen da Ba Ya Faɗin Sunan Mai Shi

Wanda ya taɓa riƙe lambar yabo ta wani tsohon soja da ya yi wa Turawan Ingila Yaƙin Duniya na Ɗaya, irin waɗanda jikoki kan tsinta a ƙasan adaka, ya san wani abu game da ita. In ka karkata ta ka dubi bakinta, za ka ga an buga lambar aikin mutumin, da muƙaminsa, da sunansa, da rundunarsa. Ko dangi sun manta, ƙarfen yana riƙe da sunan. Ta Jamusawa ba haka take ba. Ɗauki Gicciyen Ƙarfe, wanda su ke kira Eisernes Kreuz, ka ɗora a tafin hannu. Faɗinsa bai wuce santimita huɗu da rabi ba, baƙi ne a ciki, an kewaye shi da farin ƙarfe. Na yaƙin farko yana da kambi a sama, harafin W na Sarki Wilhelm a tsakiya, 1914 a ƙasa. A baya kuma 1813. Juya shi duk yadda ka ga dama, ba za ka ga sunan kowa ba.

Wannan rashin suna, a ganina, shi ne bakin zaren duk wata rigima da ke cikin harkar tara lambobin yabo na sojan Jamus. Harka ce babba mai dillalai da gidajen gwanjo, da kasuwanni irin ta Ciney a Beljiyam da ta Louisville a Amurka, inda tebura ke cika zaure maƙil, mutane na sunkuye da madubi a ido. Kowane mai saye a wurin yana fama da tambaya biyu da ƙarfen ba zai amsa masa ba: wa ya ƙera shi, sannan wa ya rataya shi, a kan wane aiki? Ta farkon sun daɗe suna wasa ƙwaƙwalwa a kanta har sun gwanance. Ta biyun ce da yawansu ba sa son a tono.

Sarkin Purushiya, ɗaya daga masarautun Jamus a da, Friedrich Wilhelm na Uku ne ya kafa gicciyen a watan Maris na 1813, lokacin da ƙasarsa ta yunƙura don kakkaɓe mulkin Napoleon. Mai zanen gine-gine Karl Friedrich Schinkel ya daidaita masa siffa. Baitulmali ya bushe a lokacin, ana kiran mata su kawo zinariyarsu a musanya musu da zoben ƙarfe, sai sarki ya mai da talaucin abin ado. Abin da ya fi zama sabo shi ne, kafin nan manyan lambobin girma na hafsoshi ne da 'ya'yan gidan sarauta, wannan kuwa kurtu da janar kowa na iya samu. Kuma ba kullum ake bayarwa ba, sai an shiga babban yaƙi a sake buɗe ƙofarsa. Shi ya sa shekaru huɗu kaɗai ake gani a jikinsa: 1813, sai 1870 na yaƙi da Faransa, sai 1914, sai 1939. Na ƙarshen Hitila ne ya farfaɗo da shi ranar 1 ga Satumba, ranar da ya afka wa Polan. Ya cire kambi da harafin sarki, ya dasa suwastika, alamar jam'iyyarsa ta Nazi, a tsakiya, ya ƙara ja a ƙyallen da a da baƙi da fari ne kawai.

A tsakanin 1914 da 1918 an raba mai daraja ta biyu sama da miliyan 5, mai daraja ta ɗaya kuma kimanin 218,000. Wato kafin a gama yaƙin, gicciyen ya zama kamar jamfa a Jos. Soja ba ya yawo da mai daraja ta biyu a ƙirji. Ƙyallen kaɗai yake sokawa a ramin maɓallin rigarsa, ƙarfen kuwa sau da yawa ya aika gida a ajiye masa. Dalilin da ya sa ke nan ake samunsu yau garau, ba ƙwarzane, bayan shekara ɗari da ɗoriya. A cikin miliyoyin nan akwai wani ƙaramin kofur mai suna Adolf Hitila, wanda ya samu mai daraja ta ɗaya a watan Agusta na 1918. Hafsan da ya ba da sunansa, Hugo Gutmann, Bayahude ne, kuma daga baya sai da ya tsere Amurka don ya tsira da rai. Yahudawan Jamus kimanin 100,000 ne suka yi wa ƙasar wancan yaƙi, 12,000 suka mutu. Da yawa daga waɗanda suka dawo da gicciye sun ɗauka zai zame musu garkuwa bayan da Hitila ya hau mulki a 1933. Bai zama ba. To, gicciye biyu na 1914 a tebur guda, kuɗinsu ɗaya, kamarsu ɗaya, ɗaya yana iya zama na wanda aka kora, ɗaya na wanda ya yi korar.

Kasuwar tana da matakala. A can ƙasa akwai gicciyen tunawa da Shugaba Hindenburg ya kafa a 1934 don duk wanda ya halarci yaƙin farko, har da zawarawa da iyayen waɗanda suka mutu. An buga miliyoyi, kuɗinsa yau bai fi na cin abinci sau ɗaya a Turai ba. Kusa da shi akwai lambobin daɗewa a aiki na 1936, na shekara 4 da 12 da 18 da 25, waɗanda ba jarumta suke nunawa ba sai haƙurin zaman bariki. Akwai lambar rauni, baƙa ga wanda aka raunata sau ɗaya ko biyu, ta azurfa ga mai uku ko huɗu, ta zinariya ga wanda ya wuce haka. Akwai lambar hunturun Rasha na 1941 zuwa 1942, wadda sojojin da kansu suka laƙaba wa suna lambar daskararren nama, saboda yatsun da sanyi ya cinye. Da waɗannan sabon shiga ke farawa, kuma a nan zamba ba ta da yawa, don wahalar ƙera jabu ta kusa fin ribar.

A sama ne ake kuka. Gicciyen Barade, Ritterkreuz, wanda ake ratayawa a wuya, mutum kimanin 7,300 ne suka samu a duk yaƙin Hitila. Mai lu'ulu'u mutum 27. Mai ganyen zinariya mutum ɗaya tal, matuƙin jirgi Hans-Ulrich Rudel. Ita kuwa Pour le Mérite ta zamanin sarakuna, shuɗiyar lambar da hafsan soja Rommel da matuƙin jirgin yaƙi Richthofen suka rataya, waɗanda suka same ta a yaƙin farko ba su kai 700 ba. Gicciye mai daraja ta biyu na 1914 ana iya samunsa ƙasa da yuro 100. Gicciyen Barade na gaske kuwa maganar dubban yuro ake yi, sau da yawa sama da dubu goma. Abin da aka raba ba ya ƙaruwa, masu nema kullum ƙaruwa suke, ai ko ba a faɗa ba an san wanda zai cike giɓin. Su kansu 'yan kasuwar suna ba'a cewa Gicciyen Baraden da ke hannun mutane yau ya ninka wanda Hitila ya raba.

Yadda gwani ke duba gicciye abin kallo ne. Ba ya fara da tambayar kuɗi. Zai zaro ɗan maganaɗisu daga aljihu ya kanga a tsakiya, domin na gaske yawanci cikinsa ƙarfe ne, zai kama. Sai ya karkata shi ya nemi layin haɗi a gefe, saboda guda uku ake haɗawa: baƙin ciki, da gaba da bayan farin bakin da aka liƙe suka rungume shi. Jabun da aka zuba lokaci guda ba shi da wannan layi, in ma an gani to zane ne. Wani har girgizawa yake kusa da kunne, ya ji ko cikin yana ɗan motsi. Daga nan sai madubin ƙara girma, a dubi zoben da ake zura ƙyalle, inda wasu maƙera suka buga lambarsu, ƙarama kamar ƙwayar gero. A ƙarshe a rage haske a haska ƙyallen da shuɗiyar fitilar nan da 'yan canji ke duba takardar kuɗi da ita. Zaren da aka saƙa bayan yaƙi sau da yawa yana ɗauke da sinadarin ƙara fari, sai ya ɗau ƙyalli ya tona kansa.

Lambobin maƙeran nan ilimi ne mai zaman kansa. Garuruwan da suka yi suna a ƙira, irin su Lüdenscheid da Pforzheim da Berlin da Gablonz, wadda yanzu take cikin ƙasar Cek da sunan Jablonec, su suka riƙe aikin. Ofishin shugaban ƙasa ya ba kowane kamfani da ke kai wa gwamnati kaya lambarsa, kamar 4 ga Steinhauer & Lück. A 1941 kuma aka kafa ƙungiyar maƙera da ke kula da waɗanda ake sayarwa a kanti, masu lamba da ke farawa da harafin L, kamar L/12 ga kamfanin Juncker na Berlin. Amma buga lamba abu ne mai sauƙi ga ɗan damfara, don haka gwanaye sun fi dogara ga aibi. Ƙarfen da ake buga lambar yabo da shi yana tsufa, ya ɗan tsage a wani lungu, tsagin ya riƙa fitowa a jikin duk wadda aka buga bayan nan, kamar zanen yatsa. Akwai mutanen da suka haddace waɗannan tsage-tsage kamar karatun allo. Ko kayan ƙirar ma yana ba da labari: bajojin farkon yaƙi tagulla ce mai nauyi da aka yi wa wanka mai kyau, na ƙarshensa kuwa tutiya ce, wadda ke shanye fenti ta koma toka-toka. In ka jera su bisa shekara, kana kallon tattalin arziƙin Jamus yana zubewa a kan tebur.

Duk da wannan ƙwarewa, akwai inda maganaɗisu da madubi ke tsayawa. Soja ya ɓatar da tasa a fagen fama, ya je kanti da takardarsa ya sayi wata. Ta gaske ce? Sojojin Amurka sun tarar da tarin lambobi a fadar Klessheim kusa da Salzburg a 1945, sababbi fil, ba wadda ta taɓa ƙirjin kowa. Su fa? Bayan yaƙi, a cikin yunwa, wasu maƙera sun koma kan injinsu da ragowar kayan da ke sito, suna bugawa suna ba sojojin mamaya masu neman tsaraba, wani lokaci a bakin sigari. Hannu ɗaya, inji ɗaya, ƙarfe ɗaya, bambancin kawai an buga wannan a watan Maris, wancan a watan Satumba. Sai kuma dokar Jamus ta Yamma ta 1957, wadda ta yarda tsofaffin sojoji su rataya lambobinsu in an cire suwastika. A gicciyen aka mayar da ganyen itacen oak a gurbinta. Waɗannan halal ne a idon doka, masu su kuma su ne ainihin waɗanda suka yi yaƙin, amma kasuwa ta fi daraja mai suwastikar da ba a san mai ita ba. Nan ne mutum zai fara zargin cewa ba tarihi kaɗai ake saye ba. Abin da ake kira asali, ashe yarjejeniya ce tsakanin masu tarawa: duk abin da aka buga kafin Mayun 1945 ya shiga, na bayansa ya fita.

Tunda ƙarfe ya yi gum, sai aka koma ga takarda. Kowace lamba tana zuwa da takardar shaida mai sunan mutum da rundunarsa da kwanan wata da sa hannun kwamanda. Kowane soja kuma yana da ɗan littafin aljihu, Soldbuch, inda ake rubuta albashinsa da asibitocin da ya kwanta da hutun da ya je da lambobin da ya samu. In aka haɗa lamba da takardunta, kuɗi kan ninka, wani lokaci takardar ta fi ƙarfen tsada. Amma da yake ƙarfen ba suna, babu abin da zai hana dillali ɗauko gicciye daga wannan akwati, takarda daga wancan, hoto daga na uku, ya ɗaura musu aure ya kai gwanjo a matsayin gadon mutum ɗaya. Binciken gaskiya ma ba kullum yake yiwuwa ba. Rumbun ajiyar takardun sojan Purushiya da ke Potsdam ya ƙone a harin jiragen Ingila ranar 14 ga Afrilu 1945, ya tafi da bayanan yawancin waɗanda suka yi yaƙin farko. Na Bavariya da ke Munich suna cikin waɗanda suka tsira, shi ya sa aka san tarihin aikin Hitila dalla-dalla alhali na miliyoyin sa'o'insa ya zama toka.

Maganar shaida ta tuna mini da labarin da ake bayarwa na askarawan Gabashin Afirka, waɗanda suka bi kwamandan Jamus Lettow-Vorbeck har ya miƙa wuya a Nuwamban 1918. A 1964 majalisar Jamus ta Yamma ta amince a biya waɗanda suka rage bashin albashinsu. Tsofaffi suka taru a Mwanza da ke Tanzaniya ta yau, yawancinsu ba takarda. Sai aka riƙa miƙa wa kowa tsintsiya a matsayin bindiga, a ba shi umarnin fareti da Jamusanci. Aka ce ba wanda ya faɗi jarrabawar. Shaidar da ba a iya yi wa jabu ke nan, ita ma ta bi masu ita kabari.

To, a ce an dace, takarda ta gaskiya ce, ƙarfe na gaskiya ne. Me take cewa? A nan ne masu cewa su jarumtar soja kawai suke girmamawa, ba ruwansu da siyasa, ke shiga tsaka mai wuya. Jürgen Stroop, wanda ya murƙushe boren Yahudawan unguwar da aka killace a Warsaw a 1943, ya ƙone ta gida-gida, Gicciyen Ƙarfe mai daraja ta ɗaya aka ba shi a kan wannan aiki. Oskar Dirlewanger, wanda rundunarsa ta yi wa fararen hula kisan gilla a Belarus da Warsaw, Gicciyen Barade ya samu a 1944. Rudolf Höss, kwamandan sansanin kisan gilla na Auschwitz, yana da gicciyen hidimar yaƙi. Akwai ma bajo na musamman da aka kafa a 1944 don abin da suka kira yaƙi da 'yan daba, wato 'yan sari-ka-noƙe, aikin da a aikace sau da yawa yake nufin ƙone ƙauye da mutanensa. Wannan bajo yana cikin masu tsada a kasuwa yau, saboda ƙarancinsa. Ba cewa nake kowane gicciye na mai laifi ba ne. Yawancinsu na samari ne da aka ɗebo daga gona da masana'anta, wasu sun samu ne don sun ɗauko abokinsu daga cikin wuta. Abin da nake cewa shi ne gicciyen wanda ya ceci rai da na Stroop fitowar inji ɗaya ne, kuma wanda ya saya bai tambaya ba ya zaɓi kada ya sani.

Wasu masu tarawa sun samo wa kansu mafita: su na zamanin sarakuna kawai suke saye, kafin 1918, ba suwastika, ba abin kunya. Ɗan Afirka ne ya kamata ya fara ɗaga gira a nan. A 1907 Sarki Wilhelm na Biyu ya kafa lambar tunawa da yaƙin Kudu maso Yammacin Afirka, wato Namibiya ta yau. Ana liƙa mata 'yan sanduna a kan ƙyalle masu sunayen wuraren da mutum ya yi yaƙi. Ɗaya an rubuta Waterberg, inda aka fatattaki ƙabilar Herero a Agustan 1904. Wata an rubuta Omaheke, hamadar da aka kora su ciki, maza da mata da yara, aka tsare rijiyoyi har ƙishirwa ta gama da su. Janar Lothar von Trotha, wanda ya ba da umarnin a ƙarar da su, Pour le Mérite ya samu. Dubun-dubatar Herero da Nama suka halaka, kuma sai a 2021 Jamus ta yarda a hukumance cewa kisan ƙare dangi ne. Lambar nan kyakkyawa ce, tagulla mai hoton mace da hular yaƙi, ana sayar da ita a fili ba mai rufe komai, kuma yawan sandunanta yawan kuɗinta. Babu dokar da ta taɓa ta, saboda dokokin alama suke bi, ita kuwa ba ta ɗauke da alamar da aka hana.

Zancen bai yi nisa da mu ba. Jamus ta mallaki Kamaru da Togo, ta kuma ɗauki Hausawa da sauran 'yan yankin aikin soja da na ɗan sanda. Daga 1914 zuwa 1916 rundunar Nijeriya ta yi ta gwabzawa da su a Garwa da Banyo da dutsen Mora, inda Kyaftin von Raben na Jamus ya kafe tun Agustan 1914 bai sauko ba sai Fabrairun 1916. A kowane ɓangare na ramin yaƙin akwai masu jin Hausa. Chari Maigumeri, wanda barikin Lakwaja ke ɗauke da sunansa, da Jamusawa ya fara soja a Kamaru, Turawan Ingila suka kama shi, ya koma rundunar Nijeriya, ya kai babban samanja, ya ci lambar jarumta ta Ingila a yaƙin Hitila. Ana yawan maimaita cewa Jamusawa sun ba shi Gicciyen Ƙarfe. Mai tara lambobi da ya san aikinsa zai ɗan dakata a nan, domin tsarin Jamusawa ya ware wa sojojinsu baƙar fata wata lamba daban, Kriegerverdienstmedaille, 'yar azurfa. Gicciyen da aka yi ta yabo cewa bai san bambancin kurtu da janar ba, da ya iso Afirka ya san bambancin fata. Irin wannan gyara shi ne amfanin ilimin masu tarawa in an yi shi da gaskiya, kuma shi ya sa ba na goyon bayan masu yi wa harkar kuɗin goro.

Dokoki sun bambanta ƙwarai. A Jamus sashe na 86a na dokar laifuffuka ya hana baje alamun 'yan Nazi a bainar jama'a, hukuncin yana iya kai ɗaurin shekara uku, amma an bar ƙofa ga koyarwa da bincike da fasaha da bayar da tarihi. Mallaka a gida ba laifi ba ne. Saboda haka dillali a can yakan manna 'yar takarda a kan suwastikar kafin ya ɗau hoto, mai saye kuma ya amince cewa don nazarin tarihi yake saye. Kowa ya san abin da ke ƙarƙashin takardar. Ostiriya tana da nata dokokin masu tsauri. A Faransa wata kotu ta umarci Yahoo a shekarar 2000 da ya toshe wa Faransawa gwanjon irin waɗannan kaya, eBay kuma ya hana su a 2001. Ostireliya ta je nesa, tun Janairun 2024 dokarta ta hana har cinikin kayan da ke ɗauke da alamun. A Amurka kuwa, inda sojoji suka koma da buhunan tsaraba a 1945, kusan komai a buɗe yake, kuma can ne babbar kasuwa take.

Hanin yana da hujja mai ƙarfi. Akwai masu saye don sha'awar aƙidar, kuma kowane gwanjo da aka buga wa ganga yana ƙara wa kayan kwarjini. A Nuwamban 2019, da wani gidan gwanjo a Munich ya fitar da kayan Hitila har da hularsa, wani attajiri ɗan Labanan mazaunin Suwizalan, Abdallah Chatila, ya kashe kimanin yuro 600,000 ya saye su, ya miƙa wa Yahudawa don kada su faɗa hannun masu ɗaukaka shi. An yaba masa, ya kuma cancanta. Sai dai kuɗin nasa aljihun masu sayarwa suka shiga, kuma darasin da kasuwa ta ɗauka shi ne kayan suna da tsada. A ɗaya gefen, hani ba ya narkar da miliyoyin ƙarafan da ke cikin akwatunan gidaje. Yakan tura cinikin ne inda ba mai gani, inda takarda ke zama hatsari a riƙe, sai a yar da ita a bar ƙarfe tsirara. Ni dai da za a tambaye ni, ba a kan suwastika zan ja layi ba. Zan ja shi ne tsakanin wanda ke riƙe lamba da takardarta, ya bi sunan rundunar ya gano inda take a ranar da aka sa hannu, ko me zai tarar a can, da wanda ya goge ta ya jera a kan jan ƙyalle don ta ba shi sha'awa. Ita Jamus ɗin kanta hanyar tsakiya ta bi: siffar gicciyen tana jikin tankokinta da jiragenta tun 1956, amma ba ta sake raba shi ba. Da ta buƙaci lambar jarumta saboda yaƙin Afganistan, sabuwa ta kafa a 2008.

Akwai wani reshe na kasuwar da ko masu kare ta ba sa iya karewa. A dazuzzukan Rasha da Latbiya da Polan, mutane na bin tsofaffin ramukan yaƙi da na'urar gano ƙarfe, suna tono. Abin da suka samu yana fitowa a intanet da ƙasa a jikinsa, tsatsar ma talla ce, don tana nuna ba jabu ba ne. A cikin kayan har da 'yar farantin shaida da kowane sojan Jamus ke ratayawa a wuya, mai siffar ƙwai, da tsaga a tsakiya. In soja ya mutu, a karya rabi a kai ofis, a bar rabi a jikin gawa. A yaƙin Hitila yawanci ita ma ba suna a jikinta, sai runduna da lamba, waɗanda ake dubawa a rajistar da ke Berlin a gano mutum. Ƙungiyar kula da kaburburan yaƙi ta Jamus, Volksbund, wadda aka kafa a 1919, ta sanar a 2023 cewa ta tono gawa ta miliyan ɗaya a gabashin Turai tun 1992, kuma da wannan farantin take sanar da iyalai. In ma'aikatanta suka iso rami suka tarar mai na'ura ya riga su, ƙasusuwan suna nan, farantin ya tafi. Sai a kwashe a binne a rubuta: sojan da ba a san ko wane ne ba. Farantin kuwa, in bai karye ba, ya fi kuɗi a kasuwa, domin cikarsa ita ce shaidar cewa ba a taɓa kai rahoton mutuwar mai shi ba.